Takardar Mushe Daniyel

Da Mushe Daniyel, kamar yadda ake kiran malamin boko, ya aje aikin koyarwa a Tawa, kuɗin sallamarsa miliyan biyu ne na sefa. Bai sayi fili ba, bai sayi awaki ba. Banki ya shiga, ya ranta wa gwamnati. Aka ba shi takarda: kowace shekara za a biya shi riba, bayan shekara biyar uwar kuɗi ta dawo. Da ribar nan yake biya wa ƴarsa Rebeka makarantar ungozoma a Yamai.

Sai aka sa wa ƙasa takunkumi. Ranar biya ta zo ta wuce, shiru. Ma'aikacin banki ya ce gwamnati ba ta musun bashi, hanyar kuɗin ce aka toshe. Makaranta kuwa ta aiko: in ba a biya ba kafin jarrabawar ƙarshe, Rebeka ba za ta zauna ba. Aka ɗage takunkumin, amma shirun bai ɗage ba.

Ran Lahadi Daniyel ya ɗauki takardar ya nufi kasuwar dabbobi wajen Alhaji Ciɗo, wanda babu abin da ba ya saye in ya yi araha.

Alhaji ya juya ta kamar mai duba haƙoran rago. "Mushe, wannan saniyar taka ba ta ci, ba ta haihuwa. Miliyan ɗaya. Gobe mu tai banki a juya suna."

Miliyan ɗaya ta isa makaranta har da saura. Daniyel ya zo ne da niyyar sallamawa. Amma uban da ya haife shi dillalin shanu ne, kuma a gidansu ba a taɓa karɓar tayin farko ba. Bakinsa ya riga shi.

"Albarka."

Ya tsaya yana jiran ƙari, kamar yadda ake yi. Alhaji ya miƙo masa takardar yana dariya.

"Ɗan dillali ke nan! Takarda ba a yi mata ƙari. In ka komo Lahadi mai zuwa, ta sauka zuwa jika ɗari takwas."

Bai gaya wa matarsa Yabo ba. Kwana biyar yana zagin harshensa.

Ran Juma'a da hantsi, yana ba kaji dawa, wayarsa ta yi ƙara. Saƙon banki ne: ribar da aka riƙe ta shigo, har da ɗan ƙari na jinkiri. Ya karanta sau uku. Ya zauna kan turmi.

"Mushe, lafiya?" in ji Yabo daga bakin murhu.

"Kira Rebeka. Ki ce ta yi karatu."

Takardar na nan cikin aljihunsa, ta yi laushi da zufa. Saura shekara uku kafin uwar kuɗi. Bai yarda ya ƙirga su ba. Ya tashi ya ƙarasa ba kajin dawa.