Kunnen Kawu Lado

A Roni ba a sayen turmi sai an kira Kawu Lado ya saurara. Yayan mahaifiyata ne, masassaƙi, ya fi shekara arba'in yana sana'ar. Taɓarya zai ɗauka ya ƙwanƙwasa gefen turmi sau biyu, ya ce wannan ƙirya ce, wancan gawo ne, wancan kuma akwai tsaga a cikinsa ko da ido bai gani ba. Amon ƙirya siriri ne, yana daɗewa a kunne. Gawo kuwa buf yake yi, kamar an bugi buhun dawa. Kunnen nan shi ne abin taƙamar Kawu, mu ma danginsa da shi muke cika baki.

Ranar kasuwar Gwiwa na ja shi ya zaɓar mini turmi, domin maƙwabciyata Adda Batulu ta ishe ni da gorin wai luguden gidana ko katanga ba ya tsallakewa. Ita ma ta biyo mu, wai kallo.

Mai turame ya gangaro mana da guda biyu. Jama'a suka taru, don sun san wanda ya zo. Kawu ya bugi na farko, ya yi ƙara tas, har cikin haƙorina na ji. Ya bugi na biyu, ƙwaf, kamar fasasshiyar ƙwarya. Ko ɗan yaye ya san wannan a tsage yake.

Kawu ya dafa na biyun. "Wannan za ki ɗauka."

Mai turame ya saki baki. Adda Batulu, wadda bakinta ba ya hutawa, ta dafe ƙirji, abin da ta iya cewa kawai, "Innalillahi."

"Kawu, a dai sake bugawa," na ce. Bai juyo ba. Sai da na taɓa hannun rigarsa ya dube ni, sannan ya bi fuskokin mutane da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ya sunkuyo daidai kunnena, ya kare baki da tafin hannu zai yi mini raɗa. Da ƙarfi maganar ta fito, har masu awo a rumfar gaba suka waiwayo.

"Bilqis, wanne ne mai kyan? Nuna mini da ido, kada su gane. Tun damina ba na ji."