Falon Shagon Kawu

Tun da kamfanin da Dogo yake rubuta wa manhaja ya rufe, mai gida kuma ya karɓe makullin ɗakinsa, abu ɗaya ne bai yanke masa ba: shawara. A kujerar baya ta wata matacciyar mota yake kwana, a garejin abokinsa bakanike, ya yi matashi da jakar laftof, ƙafafunsa a lanƙwashe. Duk wanda ya ji labarinsa sai ya gyara zama. Wani ya ce ya koyi sabon yaren kwamfuta, wani ya ce ya rage buri, yayarsa kuwa ta bugo waya ta ce ya dinga samun isasshen barci.

Amma babu gwanin shawara kamar kawunsa, mai shagon kujeru da gadaje. Gadaje ne jere a shagon, kowanne da katifarsa a cikin leda, sai dai Kawu ya yi imani cewa taimako yana kashe wa matashi zuciya, shi kuma ba zai cuci ɗan ƙanwarsa ba.

Ranar da wani kamfani ya kira Dogo intabiyu ta bidiyo, ya je wurin Kawu neman inda zai sa caji. Kawu ya ƙare masa kallo daga sama har ƙasa.

"Ɗana, ba wanda ke ba mabuƙaci aiki. Kana nuna musu ka matsu, sun gudu. Ka zauna kamar mai gida."

Ya nuna masa falon talla da ke ƙuryar shagon: kushin ruwan toka, fitila mai doguwar ƙafa, kanta cike da littattafan da bango kawai gare su. Sharaɗin shi ne kada ya jingina, kada ya cire takardar farashi. Dogo ya juya takardar ta kalli bango, ya ɗosana a bakin kujera.

Manajar da ta yi masa tambayoyi mace ce mai fara'a. Ya amsa komai yadda ya kamata, amma ya lura idonta ya fi zuwa bayansa. A ƙarshe ta ce tsarin ɗakin mutum yana nuna tsarin tunaninsa, su kuma nutsattse suke nema. Aka ɗauke shi. Daga gida zai riƙa aiki.

Haka Dogo ya koma fitowa daga mota kowace safiya, ya wanke fuska a famfon gareji, ya tafi gida aiki. Masu sayayya suna wucewa ta gefensa suna latsa kushin. Wata rana ana tsakiyar taro ta bidiyo, hannu ya shigo cikin hoton ya ɗauke fitilar. An saye ta. Dogo ya ce wa abokan aiki ƙaninsa ne mai ƙiriniya. Da kushin ya koma ja, daga baya kore, abokan aiki suka fara tsokanarsa wai yana sauya kujeru kamar riga.

Kawu bai daɗe ba ya gano cewa duk kayan da Dogo ya zauna a kai suna saurin fita, don mutane suna son ganin kujera da mutum a kanta. Sai ya shiga matsar da shi zuwa kayan da suka ƙi sayuwa. Mako guda cur ya yi a ɗakin yara, gado mai hawa biyu a bayansa, manaja har da yi masa barka, tana cewa bai taɓa faɗa musu yana da iyali ba. Dogo ya yi godiya. Abin yana ba shi dariya, yana kuma ci masa rai, musamman idan bayansa ya ƙage ya kalli katifun nan ya kawar da kai.

Da albashi ya fara shigowa, ya kama ɗaki a saman wani shagon ɗinki. Babu komai a ciki sai tabarma da bokiti da ƙusar da wani ya bari a bango. Ya kwanta ya miƙe ƙafafu iya tsawonsu, bai san lokacin da hawaye suka zubo masa ba.

Washegari ya buɗe laftof a ƙasa, ya shiga taro cike da farin ciki, farin bango a bayansa, muryarsa tana amsa kuwwa. Bayan taro manaja ta ce ya tsaya. Ta sassauta murya, ta tambaye shi ko lafiya, ina kayan, ina yaran. Ta ce kada ya ji kunya, tana da shawarwari masu amfani ga ma'aikacin da ya rasa muhalli, na farko shi ne ya nemi dangi.

Dogo ya gaya mata gaskiya tun daga mota har kushin. Ta ce labarin ya taɓa mata zuciya ƙwarai. Sannan ta yi gyaran murya.

"To, ranakun da za mu gana da manyan abokan ciniki, ko za ka iya komawa can ɗin? Sun saba ganinka a gida."

Ya ce zai iya.

Kawu ya karɓe shi hannu bibbiyu, don akwai wani teburin cin abinci da ya daɗe yana tare masa wuri. Da ya ji an sami ɗaki, ya ce ai dama ya san tarbiyyarsa ba za ta tashi a banza ba, ya kuma ja masa kunne kada ya yi gaggawar sayen gado, kwanan ƙasa yana gyara baya. Dogo ya ja kujera, ya tambayi inda soket yake.