Tukwane a Ƙofar Gaspard

Ranar wata Talata da dare na ji wata ƙara daga wajen gada, kamar akuya ta cusa kai a bokiti tana neman fita. Ni kuwa abin mamaki ba ya wuce ni, tun ina yaro, shi ya sa ma aji bai riƙe ni ba. Na saka rigar sanyi na fita.

Gaspard ne, tsohon maƙerin garinmu, tsaye ƙarƙashin tagar gidansa yana buga tukunya da cokali a hankali.

"Kai tsohon banza," na ce, "ka zautu ne?"

"Rufa mini asiri, Achille. Léonie nake so ta ji."

A garinmu Montfarel, idan mutum ya sake aure bayan rasuwar matarsa, gari kan taru a ƙofarsa da tukwane da ƙararrawar shanu, a hana shi barci har sai ya fito da giya ya shayar da kowa. Tsokana ce, amma daga ranar amarya ta zama 'yar gari. Zamanin da masaƙar ulu ke aiki, har ƙauyukan bayan dutse ake jin mu. Yanzu tantabaru ke kwana a masaƙar, makaranta a rufe take, burodi ma a mota ake kawo mana. Da Gaspard ya auro Léonie daga ƙetaren kogi, sai muka ce tsofaffi ne, a ƙyale su su huta. Mu a ganinmu mutunci muka yi.

"Su ma a garinsu ana yi," in ji Gaspard. "Ta ce shirunku kora ce. Ta sauko da akwatinta daga kan kabad."

"To tukunya ɗaya ce gari? Ai za ta gane kai ne, ko tarinka ta sani."

Washegari na bi gida gida ina gayyatar mutane. Maƙwabciyata Ernestine ta ce ita tun farko ta faɗa, alhali ba ta faɗa ba. Honoré, da kunnensa ya mutu, sai da na kwatanta masa da hannu kafin ya lalubo ƙararrawar saniyar ubansa a rumbu.

Mun taru a ƙofar Gaspard tun rana ba ta faɗi ba, don gwiwoyinmu ba sa son sanyi. Muka buga. Ƙarar ba ta kai ta da ba, amma tantabarun masaƙa sun tashi gaba ɗaya, suka yi ta kewaya hasumiyar coci, har na shagala da kallonsu na daina bugu.

"Buga mana, malalaci!" Ernestine ta zungure ni da ludayi.

Can ƙofa ta buɗe. Gaspard ya fito sanye da rigarsa ta Lahadi, kwalba a hammata, kofuna a faranti. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana zubawa, yana godiya. Honoré bai san an tsaya ba, yana ta kaɗa ƙararrawarsa. Tagar sama, ta ɗakin Léonie, a rufe take.

Ernestine ta kurɓa, ta leƙa bayan Gaspard, cikin gidan.

"Gaspard, ita amaryar ba za ta sauko ba ne?"