Jan Biro a Littafin Auta

Tun ranar da Kafinta ya tsinci littafin Auta a ƙarƙashin katifarta hankalinsa bai sake kwanciya ba. Tef ɗin awonsa ya shiga nema, ya fito da abin da ya fi ƙarfinsa. Kowane shafi wasiƙa ce da Turanci, da rubutun 'yarsa, an bi ta da jan biro, nan an soke, can an zagaye. Hannun da ya riƙe jan biron kuwa ba na gidan nan ba ne.

Shi karatunsa bai yi nisa ba. Yana iya haɗa baƙi, ma'ana ce ke gagararsa. Sai ya cusa littafin a aljihu ya nufi shago, ya kira maƙwabcinsa Mai Walda, wanda kullum ke cika baki cewa ya taɓa aiki da Turawa.

Mai Walda ya ture baƙin gilashinsa sama, ya ɗora yatsa a kan layin farko. "Dear Sir. Kai! Kafinta, zauna tukuna."

"Faɗa mini a tsaye."

"Diya ɗin nan, masoyi ke nan. Sa kuwa, babban mutum. Wato, ya masoyina babban mutum." Ya sauko ƙasan shafin. "Yours faithfully. Taka ce, bisa amana. Dubi, duk wasiƙun haka ta rufe su."

"Jan biron fa?"

"Amsarsa ce mana. Ka taɓa ganin an zana zuciya da baƙin biro?"

A ranar, katako biyu Kafinta ya ɓata, zarto na bin inda ba a zana ba.

Da ya koma gida ya tarar Auta ta birkita ɗaki. "Baba, ba ka ga littafina ba? Takardar neman makarantar jinya ce a ciki, ranar Litinin za a rufe karɓa."

"Wa ke yi miki jan biro?"

"Anti ce, Baba. Ta saman kantin magani. Ai na faɗa wa Umma."

"Ta faɗa mini," in ji matarsa daga bakin murhu.

Anti, ya ce a ransa. Anti mai gemu. An haɗa baki da uwar ke nan. A fili kuwa cewa ya yi, "Daga yau babu fita, littafin kuma yana hannuna. Makarantar ta jira."

Auta ta buɗe baki, uwar ta girgiza mata kai.

Ranar Alhamis da la'asar, lokacin da Auta ta saba fita, Kafinta ya rufe shago ya tafi kantin maganin da kansa. Ya daɗe a tsallaken titi yana ƙare wa duk mai hawa benen kallo. Wani mai ƙaton ciki ya fito daga mota, Kafinta ya ɗauka shi ne Sa ɗin, ashe maganin tari ya zo saya. Da ya gaji ya hau.

Ɗaki ne ƙarami. Wata tsohuwa mai tabarau na zaune a bayan tsohon keken rubutu, teburin yana rawa duk sanda ta taɓa shi, an tokare ƙafa ɗaya da ƙamus. Ga jan biro uku a cikin gwangwani. Ya yi sallama, idonsa na kan labulen da ke bayanta.

"Ina shi?"

"Wa?"

"Sa ɗin." Ya dire littafin a gabanta. "Ni ne uban yarinyar."

Tsohuwa ta dubi littafin, ta dube shi ta saman tabarau. "Shekara talatin ina sakatariya, ban taɓa ganin wanda ya zo kama Sa ba. Buɗe labulen, malam."

Ya buɗe. Tsintsiya ce da bokiti.

"Amma an ce mini diya masoyi ne."

"Wa ya ce?"

"Wani... masani."

"Kai kafinta ne, ko? Auta ta ce wata makaranta ta ba ka aikin yin bencuna. Takardar tana jikinka?"

Tana jikinsa kuwa, a ninke cikin aljihun gaba, ta sha gumi. Ya warware ta, tsohuwa ta nuna masa layin farko da bakin biro. Ya haɗa baƙin a hankali. Dear Sir. Ya sauko ƙasa, ga ɗayar ma, sama da sa hannun hedimasta.

"To," in ji ta, "yaushe ne bikinku da hedimastan?"

Kafinta ya rasa inda zai sa fuskarsa. Tsohuwa ta buɗe wasiƙar farko a littafin Auta, ja ya rufe ta kamar an yanka kaza a kai. Ta buɗe ta ƙarshe, gyara biyu kacal. "Wata huɗu ke nan tana hawa benen nan. Waɗannan biyun za ta gyara ta kwafe. Turo mini ita gobe."

"Me zan ce miki, Anti?"

"Ka ce wa masaninka ya tsaya a sana'arsa."

Bai iya dariya ba. Ya durƙusa, ya zaro tef ya auna gajeriyar ƙafar teburin, ya rubuta awon a tafin hannunsa.

Washegari shi ya rako Auta, tana rungume da littafinta, shi da guduma da guntun katako. Ya gyara ƙafar, ya kaɗe ƙamus ɗin ya miƙa wa tsohuwa da hannu biyu. Sannan ya zaro wata 'yar takarda da ya yi gumi a kanta tun safe, Auta na faɗa masa baƙi ɗaya bayan ɗaya. Layi biyu ne na godiya, a sama an rubuta Dear Anti.

Tsohuwa ta karanta, hannunta ya kai kan jan biro, sai ta fasa, ta ninke takardar ta sa cikin ƙamus.

A kan matakala ya rage murya. "Auta, shi wannan Sa ɗin na makarantar jinya, da zai karanta takardarki, yana da iyali kuwa?"