Abin da Takwara Ta Yi wa Farfesa

Matar mai kemis ce ta kawo mini maganar, tare da maganin hawan jinina. Ta ajiye kwalin a kan tebur, ta ɗosana a bakin kujera, irin zaman wanda bakinsa ke ƙaiƙayi.

"Malama, ashe abin da ya faru ke nan? Allah Ya kyauta."

"Amin. Me ya faru?"

"Au, ba ki ji ba? To ni dai ba a bakina kika ji ba."

A bakin nata kuwa na ji. Wai jikata, wadda ke karatun digiri na uku a jami'a, ta miƙe a gaban taron manyan malamai ta ce abin da malaminta ya ƙera aikin banza ne. Wai Farfesan ya fita daga zauren yana share ido. Wai an rufe mata ɗakin bincike, digiri kuma sai dai ta gani a hannun wasu. Na tambaye ta wa ya gani. Ta ce ƙanin mijinta direba ne a can, shi kuma ya ji daga wanda ya jera kujerun zauren.

Lissafi na koyar har kaina ya yi fari, kuma ban taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da bai nuna mini yadda ya same ta ba. Na yi mata godiyar magani, na raka ta bakin ƙofa.

Da yamma sai ga uban yarinyar, ɗana na fari, kafinta, da ƙurar katako a gira. Sunana ya sa wa 'yar, shi ya sa yake ce mata Mamana, ni kuma nake ce mata Takwara. Ko gaisuwar kirki bai ƙarasa ba.

"Inna, gobe zan je in durƙusa wa mutumin nan. Mamana kuma za ta janye abin da ta rubuta, ta ce kuskure ta yi. In ta ƙi, ta tattaro kayanta ta dawo gida."

"Ka tambaye ta?"

"Na kira ta. Na ce da gaske kin faɗi aibin aikin malaminki a gaban jama'a? Ta ce e, Baba, amma... Ban tsaya jin amma ba."

"Ka kyauta."

"Inna, ba wasa nake ba. Lokacin da nake koyon aiki, in maigidana ya yanke ƙofa ta gaza, shiru nake yi in ƙara mata tsinke, in goge, in shafa fenti. Har ya bar duniya ba wanda ya ji. Haka aka koya mana. Wanda ya ba ka sana'a ba ka kwance masa zani a tsakiyar mutane."

Na san ɗana, na kuma san Takwara. In ya kafe, za ta bi umarninsa, ta sa hannu a kan abin da ta san ba haka yake ba, kuma kundin digirinta kaf a kan wannan binciken ya tsaya. In kuma ta ƙi, uba da 'ya sun raba hanya.

"Ka bar mini gobe," na ce. "Jibi ka je ka durƙusa har gwiwarka ta yi kanta."

Washegari na shiga motar haya, ban gaya wa kowa ba. Ginin nasu dogo ne, matattakalar kuma ba a yi ta don tsofaffi ba. A ƙarshen wani dogon baranda na tarar da Takwara, kofin shayi a hannu, kati rataye a wuya. Ta zaro ido.

"Tsohuwa! Wa ya hawo da ke nan?"

"Ƙafata. An ce an rufe miki ƙofa, na zo in taya ki tsayuwa a waje."

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta kara katin a jikin ƙofar, ƙofar ta buɗe. Na ce a raina, ɗaya daga cikin maganganun matar mai kemis ta faɗi.

Ɗakin sanyi ƙalau, yana warin dalma da aka narka. Tebura dogaye, wayoyi ja da baƙi sun sarƙe, wani gilashin ƙara girma a kan hannun ƙarfe. Ta zaunar da ni, ta turo mini wani koren allo kamar tafin hannu. A tsakiyarsa akwai ɗan guntun abu baƙi, bai fi farcen babban yatsa ba.

"Wannan ce ƙwaƙwalwar na'ura. Farfesa ne ya tsara ta. Yawancin mutane a manhaja suke gina tsaro, mu kuma a jikin ƙarfen kansa. A cikin ɗan abin nan akwai wani lungu da aka killace don ajiye lambar sirri. Ko ɓarawo ya mamaye manhajar gaba ɗaya, ba zai iya leƙa lungun ba. Farfesa ya kafa hujjar haka da lissafi."

"Hujjar ta zauna?"

"Daram. Na bi ta layi-layi."

"To me kika je kika faɗa wa mutane?"

"Cewa tana shan wuta, Kaka. In tana aiki da ɗaya, wutar da take ja ta ɗan fi wadda take ja in tana aiki da sifili. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai. Amma in ka sa ta maimaita aikin sau da yawa kana aunawa, lambar za ta fito."

Na tuna zauren jarrabawa. Daga bayan aji, ba tare da na ga takardar kowa ba, nakan san wanda ke kan tambayar rabawa da wanda ke kan ta tarawa, don kafaɗar mai rabawa takan daɗe tana motsi. Maganar ta shige ni. Amma shigar magana daban, tabbatarta daban.

"Nuna mini."

Ta jawo madannai, ta ce in sa lambar da na ga dama, sannan in kulle wani saƙo da ita. Na ɗaga yatsa zan sa shekarar haihuwar kakanta, sai na fasa.

"Duk lambar da ke kaina kin san ta. Fita waje."

"Kaka, ɗakina ne fa."

"Fita, 'yar nema. Ki ja ƙofar."

Da ta fita, na zaro kwalin maganin da matar mai kemis ta kawo. A gefensa akwai wata doguwar lamba da kamfani ya buga, wadda ni kaina ban taɓa kallo ba. Na lulluɓe hannuna da madannan da gefen mayafi, na danna ta, na rubuta saƙona, na kulle, na mayar da kwalin can ƙasan jaka. Sannan na kira ta.

Ta zare wayar madannan ta miƙo mini, na riƙe a cinya. Ta maƙala wani ɗan ƙarfe mai baki kamar na kunama a jikin allon, wayarsa ta tafi ga wata na'ura mai fuskar gilashi, inda wani layi ya fara tsalle.

"Wannan wayar fa? Ba ita ke kai miki gulma ba?"

Ta sa ni bin wayar da yatsana, ta gilashin ƙara girma, har inda ta ƙare. A kan hanyar da wuta ke shiga ta tsaya, ba ta taɓa komai ba bayan nan.

Muna jiran na'urar ta gama aune-aunenta, ƙofa ta buɗe. Wani gajeren dattijo ya shigo, rigarsa da tabon tawada a aljihu, tabarau a goshi yana laluben su a tebur. Takwara ta miƙe.

"Farfesa, kakata ce."

"Sannu da zuwa, Mama. Ke ce mai lissafin? To ke kika ja mini."

"Ni dai an ce mini ta sa ka kuka," na ce. "Na zo in ji ko da gaske ne."

Takwara ta rufe fuska da hannu. Shi kuwa ya jawo kujera ya zauna.

"A zaure? A'a, mura nake yi ranar. Amma ba zan ɓoye miki ba, ranar da ta fara nuna mini a ɗakin nan, ba kowa sai mu biyu, na ce mata na'urar awonta ce ta lalace. Na fita ban yi mata sallama ba. Na daɗe ina amsa gaisuwarta da ka. Rabin rayuwata na zuba a ɗan abin nan, Mama."

"Sai me ya sauko da kai?"

"Na ɗauko wata na'urar awon, na gwada da hannuna, don in kama ta da kuskure. Lambata ta fito tsaf."

"To me ya hana ku gyara shiru? Ubanta kafinta ne. Ya ce in ƙofar maigida ta gaza, ƙara mata tsinke ake yi a shafa fenti."

"Ƙofa ɗaya ce a gida ɗaya, shi ya sa. Ni na riga na wallafa tsarin, wasu sun ɗauka suna gina nasu a kai, waɗanda na sani da waɗanda ban sani ba. In muka yi shiru, mun gyara tamu mun bar su da ramin. Waɗanda muka sani mun sanar da su tun kafin taron, don su shirya. Sauran kuma sai a bainar jama'a za su ji. Ta so ni in gabatar da binciken da kaina. Na ce wanda ya gano shi zai tsaya. Ni na riƙe mata allon."

Na'urar ta yi ɗan ƙara. Lamba ta fito a kan gilashi. Na zaro kwalina, na sa tabarau, na bi su ɗaya bayan ɗaya da farce. Duk sun dace, sai ta kusa da ƙarshe. Kwalin ya ce uku, gilashin ya ce takwas.

"Ta faɗi," na ce. Ban ji daɗin faɗar haka ba, amma abin da na gani ke nan.

Takwara ba ta yi gardama ba. Ta karɓi wayar madannan daga cinyata ta mayar, ta ce in sa lambar kwalin a hankali, in buɗe saƙona. Na sa, ina kallon kowane madanni. Saƙon ya ƙi buɗewa. Ta ce to in sa ta gilashin. Na sa. Sai ga rubutuna ya bayyana: Takwara ba ta iya dafa shayi ba.

Farfesa ya yi dariya har da buga tebur.

"A ƙarƙashin mayafi kika danna, tsohuwa," in ji Takwara. "Yatsanki ne ya zame. Abin da kika danna ta karanto, ba abin da kika yi niyya ba."

Na daɗe ina kallon takwas ɗin nan. Ko da ta leƙa jakata, ko da matar mai kemis ta karanta mata kwalin ta waya, ba inda za ta samo shi. Ni kaina ban san na danna shi ba.

Daga nan ta ɗauko wani allon daga aljihun tebur, ta riƙe shi da hannu biyu. Wannan ita ta tsara. Ta gina ta yadda ko ɗaya take aiki da shi ko sifili, wutar da za ta ja iri ɗaya ce, lokacin da za ta ɗauka iri ɗaya, kamar a hana kowa fita daga zauren jarrabawa sai an buga ƙararrawa. Muka maimaita gwajin, da lambar wani kwalin. Muka jira har shayinta ya huce, har na sha na tabbatar da saƙona. Gilashin bai fitar da komai ba sai shirme.

"Rashin gani ba hujja ba ce," na ce. "Wataƙila kunnen na'urarku ne bai kai ba."

Farfesa ya nuna ni da tabaransa, ya juya ga Takwara. "Kin ji ko? Abin da za su tambaye ki ke nan ranar kare kundi." Sannan ya ce mini sun aika da sabuwar ga wasu masu bincike a wata jami'a, waɗanda ba su da aiki sai fasa abin da wasu suka gina. Sun yi ta fama da ita, lambar ba ta fito ba, amma sun gano wani gefe da ke ɗan yoyo in na'urar ta yi zafi sosai. Takwara ta sa wannan a babi na ƙarshe, da sunayensu, tana kan gyarawa.

"Kin rubuta aibin naki da hannunki?"

"Wa zai rubuta mini, Kaka?"

Ta rako ni har ƙasa, tana riƙe da gwiwar hannuna. A matattakalar ƙarshe ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Baba ya ce in janye."

"Na sani. Koma bakin aikinki."

Ban wuce gida ba, shagon ɗana na nufa. Na same shi yana goge ƙafar tebur, ya riga ya aika an wanko masa babbar rigarsa, tana rataye a ƙusa cikin leda saboda tafiyar gobe. Ya kashe injin, ya share mini benci.

"Inna, daga ina haka?"

Na zauna, na jira numfashina ya dawo.

"Ƙwaƙwalwar da Farfesa ya ƙera tana zubar da sirri ta hanyar wutar da take sha. Na gwada da hannuna. Mamanka ce ta gano. Shi ta fara gaya wa, su biyu a ɗaki. Ya yi fushi, ya auna da kansa, ya ga haka ne, shi ya sa ta tsaya gaban taron, yana gefenta. Ba a rufe mata ƙofa ba. Ta ƙera wata da ta fi ta farkon, ita ma da sauran gyara, kuma ta rubuta hakan. Wata mai zuwa za ta kare kundinta, Farfesa ya ce ka zo. Ba abin da za ta janye."