Shuɗiyar Fitilar Shakiru

Hajo ta haifi bakwai, ta kula da masu jego ba adadi a unguwar Moshi Zango, amma ba ta taɓa kwana a ɗakin da ya tayar mata da zuciya kamar na 'yarta Safiya ba. Ba wari ba ne, ɗakin tsaf yake. Fitila ce. Wani shuɗin ƙwan lantarki surukinta Shakiru ya rataya a saman gadon jariri, yana ci dare da rana, ya mayar da kowa kamar wanda aka tsamo daga rijiyar marina. Tuwo a kwano ya koma ruwan toka, ko kare ba zai yi sha'awarsa ba. Fuskar jaririn kuwa Hajo ba ta son kallonta, don gawa take tuna mata.

Yaron yana kwana huɗu nas ta ce yana da shawara, idonsa ya fara rawaya, za a riƙe shi a asibiti ƙarƙashin wata na'ura mai shuɗin haske har ciwon ya sauka. Shakiru ya duba ya ga suna zai zo yaro yana kwance. An riga an ɗaure rago, an kama kanofi, dangi suna hanya daga Tamale da Yamai. Shi kuwa fitilun ado yake sayarwa a bakin titin Sofoline, irin waɗanda direbobi ke liƙa wa motoci. Ya leƙa na'urar sau ɗaya, ya sa hannu a takarda, ya kwaso matarsa da ɗansa.

"Mma, shuɗi ai shuɗi ne," ya ce wa Hajo, yana kwance farin ƙwan ɗakin yana ɗaura nasa. "Nawa ma ya fi nasu haske."

Suruki ba a ja-in-ja da shi. Hajo ta bar wa cikinta.

Ita mace ce da ke barci bayan isha'i kamar an jefar da dutse a rijiya. A ɗakin nan sai barci ya ce ba da shi ba. Jiki ya gaji da dafa ruwan wanka da daka yaji, amma ido ya bushe, kai kuwa garau kamar hantsi. Tana jin ɗigar famfo, tana jin ɓera a silin, tana jin minsharin Shakiru daga falo, inda ya tsere ya kwanta cikin duhunsa mai daɗi. Wannan minsharin ya fi komai ba ta takaici. Ta rufe fuska da mayafi, hasken ya ratso. Ta roƙi Allah a ɗauke wuta, aka ɗauke, ashe la'anannen ƙwan yana da batir.

Safiya ma idonta biyu, tana latsa waya.

"Mma, an rubuta a nan wai irin hasken nan ƙwaƙwalwa ɗauka take gari ya waye, shi ya sa barci ba ya zuwa."

"To kashe na hannunki, ɗaya ma ya ishe mu."

Da rana mata masu barka suka yi ta shigowa. Kowacce ta leƙa gadon sai ta ce rawayar ta tafi sarai. Su yaba yaro mai haƙuri, ba kuka ba rigima. Shakiru yana bakin ƙofa yana washe baki kamar shi ya ƙera yaron, har wata mai ciki ta ce ya ajiye mata ƙwai ɗaya. Hajo ta fita bayan ɗaki ta tofar da yawu.

A dare na uku, daren suna, tana zaune ido tar, wani tunani ya zo mata. Fitilar nan ta hana tsohuwa barci, ta hana mai jego, to ta yaya ɗan mitsitsin da aka shimfiɗe a ƙarƙashinta yake ta sharar barci? Ta tuna tun jiya tsotsa biyu yake yi ya saki nono. Ta mintsini dugadugansa, ya ɗan yi motsi ya koma. Ta buɗe masa ido da yatsa, ba ta ga komai ba sai shuɗi. Tsoro ya kama ta.

Gari yana yin haske ta naɗe shi ta fito tsakar gida, inda mata suka ɗora tukwanen shinkafa. Alima, gwaggon Shakiru, ta miƙe da muciya a hannu.

"Hajo, kin manta ne? Ba a fitar da yaro kafin a raɗa masa suna."

Hajo ta yaye zanen. Yaron rawaya ne tun daga farin ido har tafin ƙafa, kamar gwaiduwar ƙwai. Shuɗin hasken ne ya rufe launin, kwana uku gida guda ana yi wa rogo kallon kitse. Muciyar Alima ta yi ƙasa.

Shakiru ya fito cikin farar shadda tana ƙamshin guga. Ya ga ɗansa, ya kalli ƙofar gida inda maza suka fara zama a kujeru.

"Mma, liman yana hanya. Rabin awa kawai, a yi addu'a, sai mu tafi."

Shekara biyu Hajo ba ta taɓa haɗa ido da shi ba. Ranar ta dube shi sama da ƙasa, ta ji ƙyamar da ba ta taɓa ji wa ɗan Adam ba.

"Ga fitilarka can a ɗaki," ta ce. "Ka raɗa mata sunan."

Ta ratsa ta tsakiyar maza, ta tsayar da pragya, keken haya mai ƙafa uku, Safiya ta biyo ta ba ko takalmi.

Nas ɗin nan ce a bakin aiki. Ta karɓi yaron, ta dubi Hajo ta ce, "Maame, me ya sa sai yau?" Ta yi ciki da gudu. Likita ya ce sai an sauya masa jini. Ya ce zai rayu in Allah ya so, amma shawara idan ta kai haka takan taɓa kunne. Suna nan a benci Shakiru ya bugo waya, ana jin sifika da guɗa a bayansa, ya ce an yanka rago, sunan yaro Fadil.

Bayan kwana shida rawayar ta sauka, Fadil ya buɗe ido yana shan nono. Da hantsi wata ma'aikaciya ta yi tuntuɓe, faranti na ƙarfe ya faɗi a tsakiyar ɗakin jarirai. Duk yaran suka zabura, ɗakin ya kaure da kuka. Fadil yana cinyar kakarsa yana kallon sama, ko ƙifta ido bai yi ba.

Safiya ta dubi uwarta. Hajo ta sunkuya, ta kai bakinta daidai kunnensa, ta kira sunan da aka kwaso shi daga asibiti dominsa. Ta kira sau uku.