Layin da ke Cikin Tukunya

Sau uku Malam Dalhatu yana kawo tsohuwar Fijonsa garejin Ya'u a Dutsin-Ma, sau ukun kuma tana ƙaryata shi. Kafin ta iso daga Wurma ta ɗauki zafi, sai ta tsaya tana aiki sumul kamar ba ita ba.

"Da safe take tsiyarta," in ji Malam. "Ta yi tari, ta yi ɗingishi, ta cika gida da baƙin hayaƙi."

Musaddiq, babban ɗan Malam, ya riga ya yanke hukunci: in injin ya gama, a jingine mota, tsoho ya huta da tuƙi. Shekara talatin Malam ke kai marasa lafiyar ƙauyen asibitin Kurfi a motar nan, ba ya karɓar ko godiya. Ya'u ya san a raba Malam da sitiyari daidai yake da a kwantar da shi, don haka ya hau babur bayan sallar asuba, ya je Wurma ya sami motar tun tana da sanyi.

Da ƙyar ta tashi, tana kakkarwa. Warin ɗanyen fetur har yaji yake a ido. Ya'u ya kwance fulogai, duka huɗun baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Mai ya yi mata yawa, iska ta yi kaɗan, wannan ko makaho ya sani. To amma ta ina? Ya duba cok, mai toshe iska lokacin tayar da mota, yana komawa daidai. Kafireta kuwa, inda fetur ke haɗuwa da iska, shi da hannunsa ya wanke ta watan jiya.

Sai ya buɗe tukunyar tace iska, irin ta da, wadda ake zuba wa baƙin mai a gindi. Ai kuwa cike take taf, mai ya haye layin da aka zana da kusan yatsa biyu. Da sanyi man ya yi kauri, injin ya rasa ta inda zai shaƙi iska.

"Allah gafarta Malam, wa ke zuba man nan?"

"Ni. Duk Juma'a. Ban taɓa barin wani ya taɓa ba."

Ya'u ya ji daɗi, ciwon ƙarami ne. Ya zubar, ya goge, ya goge fulogai, sannan ya miƙa wa Malam tukunyar.

"Ga layin nan, Malam. Iyakarsa ke nan."

Malam ya kai ta kusa da fuska, ya juya ta wajen haske. Ya daɗe. Daga baya ya sa yatsa yana lalube, har ya ji ɗan tudun layin. Nan daɗin Ya'u ya gudu, tausayi ya kama shi. Da waɗannan idanun mutumin nan ke tuƙa masu naƙuda a kan titi.

"Tun bara ba na ganinsa," in ji Malam a hankali. "Sai in zuba da yawa, kar ta rasa."

Ya'u ya zuba sabon mai daidai layin, ya ɗaura komai. Murɗa ɗaya ta tashi, ba tari, ba hayaƙi. Suka tsaya suna saurare.

"Me za ka gaya wa Musaddiq?" in ji Malam.

"Mota lafiyarta ƙalau, Malam."

"To. Sauran ni zan gaya masa da bakina."

Malam ya zagaya yana dafa bonet, ya buɗe ƙofar da bai taɓa shiga ta ita ba, ya zauna a kujerar mai zaman banza.

"Akwai wata tsohuwa da na yi wa alkawarin Kurfi yau," ya ce. "Ja mu je, Ya'u."